Motar lantarki na yin "ƙwas-ƙwas" in an kunna ta: lafiya ce ko matsala?

Mene ne ke yin ƙara a cikin motar da aka ce ba ta da inji? Sababbin masu motar lantarki suna yawan yin wannan tambaya, kuma suna da hujjar yin ta. An sayar wa mutum da mota, an ce masa shiru take tafiya, babu fistin, babu fuloga, babu kik. Ya shiga ya taka burki ya danna maɓalli, sai ya ji "ƙwas, ƙwas" daga ƙarƙashin ƙafarsa ko daga can baya. Duk wanda ya taɓa riƙe motar fetur ya san wannan ƙara, kuma bai san ta da alheri ba, domin ita ake ji da safe ranar da mota ta ƙi tashi. Nan take gabansa zai faɗi, ya fara lissafin kuɗin babban batir, wanda kowa ya san shi ne mafi tsada a jikin motar.

Maganar ta shafe mu yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, zancen motar lantarki ya shigo tasha da majalisar unguwa. A Maiduguri gwamnatin Borno ta sa motocin haya masu aiki da lantarki a kan titi. Tun kafin nan, a 2021, hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe wurin cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, aka kuma nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. Motocin sun riga sanin aikinsu isowa. Yawancinmu da kunnen motar fetur muke sauraronsu, kuma wannan kunne yana yin daidai a wani wuri, yana yaudara a wani.

Batir biyu ne a cikin motar

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne motar lantarki tana ɗauke da batir iri biyu. Akwai babban, wanda aka shimfiɗa a ƙasan motar, shi ke juya taya. Ƙarfinsa a yawancin motoci ya kai wajen bolt 400, a wasu kuma kamar Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 ana lissafa shi a ajin bolt 800. Sai ƙaramin, mai bolt 12, wanda a motoci da yawa bai da bambanci da wanda ke cikin Corolla ko Golf: baƙin akwati mai kai biyu, dalma da ruwan batir a ciki.

Ƙaramin shi ke ba kwamfutocin motar wuta, da fitilu, da makullan ƙofa, da allon gaban direba. Aikinsa mafi girma kuwa shi ne buɗe wa babban hanya. Idan aka kashe mota, babban batir a yanke yake daga sauran jikinta gaba ɗaya. Da gangan aka yi haka, don kada wuta mai kisa ta zauna a cikin wayoyi mota tana ajiye, yara suna wasa a gefenta, ko mai wanki yana watsa mata ruwa. Abin da ke yankewa da haɗawa wasu manyan makunnai ne da ke cikin akwatin batirin, waɗanda masu aikin wuta ke kira kwantakta. Kowace kwantakta tana da naɗin waya a ciki. In wuta ta bi ta naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo ƙarfe ya buga shi a kan wani ƙarfen, hanya ta haɗu. Wannan bugun shi ne "ƙwas" ɗin da ake ji. Wutar da ke fizgo ƙarfen kuwa daga ƙaramin batir take zuwa. Saboda haka mota na iya nuna caji kashi 90 cikin 100 jiya da dare, yau ta wayi gari ko motsi ba ta yi, don ɗan batirin da ke buɗe mata ƙofa ya kasa.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Ƙarar ba ɗaya ba ce, kuma dalilin hakan ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi zai iya karanta motarsa da kunne.

Babban batir wuta miƙaƙƙiya yake bayarwa, injin lantarkin da ke juya taya kuwa a yawancin motoci mai kai-da-komowa yake so. Inbata ce ke tsakaninsu tana juya wutar, kuma a bakin inbatar akwai manyan kafasito, wato na'urorin da ke tara wuta su riƙe ta na ɗan lokaci. Kafasiton da ba komai a cikinsa, in aka haɗa shi da batir kai tsaye, zuƙar wuta yake yi da ƙarfin gaske a lokaci guda. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai haɗa sola lokacin da yake ɗora waya ta ƙarshe a kan batirin inbata ya ga wannan: tartsatsi ya tashi da ƙara, wani lokaci har kan batirin ya yi tabo. To wancan bolt 24 ne ko 48. A bolt 400, irin wannan zuƙa na iya narkar da bakin kwantakta ta manne.

Don haka motar ba ta haɗawa gaba ɗaya. A tsarin da aka fi amfani da shi, kwantakta ta ɓangare ɗaya na batirin ce ke fara rufewa. Daga nan wani ƙaramin rile, wato ɗan makunni mai aiki irin na kwantakta, ya buɗe wata siririyar hanya mai rizisto, abin da ke rage gudun wuta, wuta ta riƙa shiga kafasiton a hankali. Kwamfuta tana auna cikarsa. Idan ya kusa kamo ƙarfin batirin, sai babbar kwantakta ta ɗaya ɓangaren ta rufe, ƙaramin rilen ya saki. Duk wannan bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. A kunne kuwa abin da ke fitowa shi ne bugu biyu ko uku a jere, wani mai nauyi, wani siriri, sannan fitilar READY, mai nuna mota ta shirya tafiya, ko alamar mota mai launin kore ta kama a allo.

Akwai dalilin da ya sa bugun yake da nauyi haka. Wutar gida tana juya alkibla sau da yawa a kowace daƙiƙa, don haka in tartsatsi ya tashi a makunni yakan mutu da kansa. Wutar batir ba ta juyawa. Tartsatsinta in ya kama sai ya zarce. Shi ya sa ake yin kwantaktar mota a rufe ruf, da yawa da iskar gas ta musamman a ciki, da sifirin mai ƙarfi da zai raba ƙarafan da sauri. Abu mai irin wannan ƙarfi ba ya rufewa shiru.

Ana jin wannan bugu in an kashe motar, ana jin sa in an cusa mata wayar caji, har ma da tsakar dare tana ajiye ba kowa a ciki. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsorata mutane. Motoci da yawa suna farkawa da kansu su haɗa babban batir na ɗan lokaci don su ƙara wa ƙaramin caji, ko su sanyaya babban in zafi ya yi yawa. Ga kuma wasu ƙananan ƙararraki da injin fetur ya saba rufewa ba a ji: burkin hannu na lantarki yana saki, makullin bakin caji yana kamawa, famfon ruwan sanyaya yana tashi, na'urar burki tana gwada kanta. Muddin ƙarar iri ɗaya ce kullum, READY ta kama, kuma babu jan rubutu a allo, motar aikinta take yi.

Ƙarar da ta kamata ta tsayar da kai

Wadda ba ta lafiya ba tana da kamanninta. Maimakon bugu biyu ko uku masu tsabta, sai a ji "kat-kat-kat-kat" da sauri ba tsayawa, allo yana ƙyaftawa ko yana mutuwa yana dawowa, fitilar cikin mota ta yi ja-ja, gargaɗi ya cika allo a kan abubuwan da ba su da alaƙa da juna: burki, sitiyari, jakar iska, caji, duk lokaci guda. READY kuma ta ƙi kamawa.

A nan kunnen motar fetur ya yi daidai. Mafi yawan lokuta ƙaramin batir ne. Yana da ɗan ƙarfin da zai fara fizgo ƙarfen rile, amma da nauyi ya hau kansa sai ƙarfinsa ya faɗi, ƙarfen ya saki, ƙarfi ya ɗan dawo, ya sake fizgowa. Wannan kamawa da sakin ne ke yin kat-kat. Tarin gargaɗin ma daga nan yake: kwamfutoci sun rasa isasshiyar wuta, kowacce tana kuka ta nata gefen. Mai mota ya ga allo ya yi ja ya ɗauka motar ta gama yawo, alhali abin da ya lalace ana sayar da shi a kowace kasuwar kayan mota.

Gwajin ba shi da wuya ga mai mitar auna wuta. Batirin dalma mai lafiya da ya huta sa'o'i yana nuna wajen bolt 12.6. In ya sauko 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya zube. Sai dai buɗe ƙofa kawai yana tayar da kwamfutocin motar su fara jan wuta, don haka lambar kan ɗan ragu. Kuma batir na iya nuna lamba mai kyau ya faɗi da an ɗora masa nauyi, shi ya sa gwajin masu batir da na'urar ɗora nauyi ya fi tabbas. Kafin duk wannan, a duba kan batir. Kan da ya saki ko ya tara farin gari yana haifar da wannan ƙara daidai wa daida, ko da batirin sabo ne, kuma hanyoyinmu masu gargada sun iya kwance noti.

Gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Motar lantarki ba ta da altaneta, na'urar da ke cika batir a motar fetur. Wata na'ura ce, DC-DC, ke rage wutar babban batir ta cika ƙaramin. Idan motar ta tashi READY ta kama, a sake aunawa: ya kamata a ga lambar ta hau zuwa tsakanin 13 da wani abu da 14 da wani abu. In ta tsaya a 12 tana sauka, ba a cika batirin, kuma sabon da za a saya shi ma zai mutu cikin ɗan lokaci.

Me ya sa yake mutuwa ba sallama?

A motar fetur batir yana gargaɗi. Kik zai fara jan ƙafa da safe, mai mota ya ce wannan batir ya kusa. A motar lantarki ba a taɓa neman wannan babban ƙarfi daga gare shi, don haka ba abin da ke tona asirinsa. Yana ta raguwa a ɓoye har ranar da zai kasa gaba ɗaya.

Zafi ne babban makashinsa. Masu batir suna lissafin cewa ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana iya rage rayuwar batirin dalma da rabi, kuma mun san abin da watan Afrilu ke yi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Sai zama. Motar da aka ɗauko daga ƙetare ta yi makonni a jirgin ruwa da tashar jirgi, ƙaramin batirinta ya zube ƙasa, kuma batirin dalma in ya zube irin haka ba ya komawa yadda yake ko an cika shi. Sai kayan da muke ƙara wa mota: tiraka, kyamara, ƙarin sifika, duk suna tsotsa tana kashe. A ƙarshe, motoci da yawa suna daina ƙara wa ƙaramin caji in babban ya yi ƙasa sosai. Wanda ya ajiye mota da ɗan caji kaɗan ya yi tafiyar wata guda, don babu wuta a unguwa, bai kamata ya yi mamakin abin da zai tarar ba.

Idan ƙaramin batir lafiyarsa ƙalau

A nan maganar ta fi nauyi. Wani lokaci za a ji bugu ɗaya ko biyu masu tsabta, sai a ji wani kamar an saki, READY ba ta kama ba, allo ya rubuta cewa tsarin lantarki na da matsala. Ma'anarsa motar ta fara haɗawa, ta ga abin da bai yi mata ba, ta janye. Ko kafasiton bai cika a kan lokaci ba. Ko wata siririyar wayar tsaro da ke bi ta kowace mahaɗar babbar wuta ta yanke, don wani soket bai zauna ba ko ɓera ya ci ta. Muddin wannan waya ba ta haɗu ba, kwamfuta ba za ta yarda a saki wuta ba. Ko kuma motar ta auna ta ga babbar wuta tana yoyo zuwa jikin ƙarfenta, abin da ruwa ke jawowa. Wannan ya shafi mai ratsa ruwa da damina, ya kuma shafi mai sayen tokumbo, domin cikin motocin da ake gwanjonsu a Amurka akwai waɗanda ambaliya ta ci.

Kwantaktar kanta tana lalacewa, kuma akwai shaida. A watan Yuni na 2022 kamfanin Ford ya yi kiran gyara ga Mustang Mach-E kusan 49,000 a Amurka, saboda kwantaktocin babban batir suna yin zafi sakamakon caji mai sauri da yawan take totur har ƙasa. Wasu sukan manne, wasu su ƙi rufewa, mota ta ƙi tashi ko ƙarfi ya ɗauke tana tafe. Da farko manhaja aka sabunta, amma a watan Oktoba na 2023 aka sake kiran kusan 35,000 don a canja akwatin da kwantaktocin ke ciki. Hyundai da Kia kuma a watan Nuwamba na 2024 sun kira motoci fiye da 200,000 a Amurka, ciki har da Ioniq 5 da Ioniq 6 da EV6 da wasu Genesis, saboda na'urar ICCU da ke cika ƙaramin batir tana lalacewa. Masu motocin da dama sun ce sun ji ƙara mai ƙarfi sau ɗaya, daga nan gargaɗi ya fito, ƙarfin mota ya fara raguwa.

Abin da ya dame ni a nan shi ne motar da ta baro Amurka kafin a yi mata wannan gyara. A can kyauta ake yi. Da ta sauka Legas ko Kwatano, ba mai aiko wa sabon mai ita takarda. Duk mai shirin sayen irin waɗannan motoci ya ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ya saka a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai ga ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba. Ya yi haka kafin ya biya kuɗi.

Wadda ke zuwa bayan taya ta motsa

Wasu suna cewa "in na tashi mota" alhali nufinsu in ta fara tafiya. Wannan daban ne. "Ƙas" guda a daidai lokacin da aka taka totur daga tsaye, ko aka koma ribas, yawanci daga inda shaf, sandar da ke juya taya, ya shiga cibiyar taya yake fitowa. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa nan take, kuma yana ja baya in an ɗaga ƙafa, don haka ɗan sakin da ke wurin yana bayyana. An san Nissan Leaf da wannan, maganinsa kuma giris ne da ɗaure noti daidai awo. Kat-kat a kwana kan nuna robar shaf ta yage. Bugu guda da safe bayan ruwan sama ko wanki, burki ne ya ɗan manne da tsatsa ya saki.

To me ya sa ba a cire ƙaramin batirin ba?

Masu motoci da yawa suna ganin abin kunya ne a ce mota mai wannan tsada ta tsaya saboda fasahar da ta haura shekara 160. Injiniyoyi kuma suna cewa dole a samu wata wuta dabam da za ta riƙe fitilar gargaɗi da makullan ƙofa in an yi hatsari babban batir ya yanke kansa, kuma kayan bolt 12 suna da araha, ana samunsu ko'ina. Tesla ta bi hanyar tsakiya: daga 2021 ta fara sa ƙaramin batir na litiyam mai wajen bolt 16 a maimakon na dalma. Ya fi daɗewa, amma ba a samunsa a shagon bakin titi, kuma lambobin da na ambata a sama ba su shafe shi ba. A ganina, ga mai mota a Kano ko Damagaram, na dalmar da zai iya canjawa yau ya fi masa kwanciyar hankali, in dai zai riƙa auna shi kafin bazara, ya kuma sayi irin wanda littafin motar ya faɗa.

Inda hannu zai tsaya

Mai mota na iya duba kan batir, ya auna, ya tabbatar ya cire wayar caji kuma ya taka burki sosai, ya canja ɗan batirin makulli. Zai iya haɗa ƙaramin batirin da na wata mota don a tashe ta, bisa yadda littafinta ya tsara. Da READY ta kama, ita za ta ci gaba da cika shi. Amma kamfanoni irin su Nissan sun hana a yi amfani da motar lantarkin wajen tayar da wata. Turi ba ya tayar da ita ko an tara matasan unguwa duka, kuma jan ta da igiya tayoyin da injin ke juyawa suna ƙasa na iya lalata inbata. A ɗora ta a kan motar ɗaukar mota. Mai Tesla Model 3 da ƙofofinsa suka ƙi buɗewa ya san cewa a bayan wani ɗan murfi a bamban gaba akwai wayoyi biyu da ake ba wuta daga waje don bonet ya buɗe.

Iyakar ita ce duk wata waya ko soket mai launin ruwan lemo. Wannan launi alamar babbar wuta ce a duk duniya. Masu rewayarmu gwanaye ne, kuma a ɓangaren bolt 12 aikinsu ne. Sai dai al'adar nan ta "Alhaji, bari mu yi mata dairek mu gani" ita ce ba ta da wuri a nan. Rilen da ya ƙi kamawa a motar lantarki sau da yawa kwamfuta ce ta hana shi don ta ga haɗari, kuma wanda ya tsallake ta ana kukan targaɗe zai jawo karaya. Kafasito yana riƙe wuta na wasu mintuna bayan an kashe mota, kwantaktar da ta manne kuma tana barin wuta a waya ko makulli yana aljihu. Mai taɓa wannan ɓangare sai wanda ya koyi aikin, yana da safar hannu mai jure bolt 1,000, da kwamfutar da ke karanta lambobin matsala na irin wannan mota.

Kafin a kai ta gareji, a ɗauki ƙarar da waya, a ɗauki hoton rubutun da ya fito a allo, a lura ko da safe ne kawai ko bayan caji. Kuma a roƙi bakanike kada ya goge lambobin matsalar, ko ya cire kan batir, sai ya fara rubuta su, domin wasu suna ɓacewa da an yanke wuta, kuma su ne za su nuna ko ƙaramin batir za a saya ko akwatin babban za a buɗe.